Tukunyar Zango da Girkin Mutanen Gabas

Wata gardama ta kunno kai a gidajenmu, daga Nima da Mamobi har Madina da Sabon Zango, unguwanninmu na Akra a ƙasar Gana, kuma a kan tukunya ake yin ta. Amare da 'yan mata sun duƙufa gwada girke-girken ƙasashen Asiya da suke gani a TikTok da YouTube. Yau soyayyar shinkafa irin ta Sinawa, gobe biryani, jibi taliyar Koriya mai jan yaji wadda ake ci ana sharar majina. Iyaye mata suna tsaki: "Yaran yanzu ba su iya tuƙa tuwo ba, sai girkin waya." Maza kuwa, waɗanda da yawansu ba su san inda ake ajiye gishiri a gidajensu ba, sun fi kowa ɗaga murya, wai ana kashe al'ada.

Ni ina bayan masu gwaji. Amma ina da nawa ƙorafin a kansu, kuma ya sha bamban da na su Mma, wato iyayenmu mata. Abin da suke arowa ne bai yi mini ba. Suna kwaso kwalabe da gwangwanaye daga kantin masu hannu da shuni, suna baro abin da ya fi daraja, wato hannu da dabarar mutanen da suka ƙago abincin.

Bari in fara sallamar masu kukan al'ada. Kakanninmu fatake ne. Goro ya kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta Salaga, har ƙasar Asante, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar sai suka ƙara bazuwa zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. Falke ba ya zaɓen tukunya. Abin da ya tarar shi yake ci, uwargida kuma ta gyara shi har ya dace da bakinsa. Buɗe ganyen waakye, shinkafa da waken nan da Hajiya take naɗe maka da safe, ka yi ƙidaya. Shinkafar, sau da yawa, jirgin ruwa ne ya kawo ta daga Biyetnam ko Tailan. Taliyar da ke sama girkin Italiya ce. Rogon da aka yi gari da shi Turawan Fotugal suka tsallako da shi daga Kudancin Amurka. Shito, soyayyen yajin nan, na 'yan ƙabilar Ga ne, barkonon cikinsa shi ma daga can Amurkan ya zo. Wagashi, cukwin nan, na Fulani ne. In ka kori baƙi duka, wake da kanwa da karan dafi kaɗai za su rage maka a ganye. To wa zai tsaya a Nima ya ce waakye ba namu ba ne?

Asiya ma tsohuwar baƙuwa ce a wurinmu. Citta da kanumfari da ke ba koko ƙamshinsa daga can suka fito, kanumfari ma daga wasu 'yan tsibirai da ake kira Maluku a Indunusiya. Hanyar kuma ba ta zuwa kaɗai ba ce. Dawa da gero da wake, amfanin gonar Afirka, sun isa Indiya kusan shekaru 4,000 da suka wuce, har gobe mutanen Rajasthan suna cin gurasar gero, na Maharashtra suna cin ta dawa.

Kai, a bar tarihi mai nisa. Alhajin da ke faɗa wa 'yarsa a kan "abincin Sinawa" shi ne za ka gani bayan isha'i a bencin mai shayi yana cewa a soya masa Indomie da ƙwai biyu. Wani Bajapane, Momofuku Ando, ya ƙago irin wannan taliyar ta leda a 1958. Ita Indomie a Indunusiya aka fara yin ta a 1972, aka soma sarrafa ta a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990, yau ba layin da babu mai soya ta a Akra. Farin magi da wasunmu ke barbaɗawa a miya, wani masanin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya fitar da sinadarinsa daga ciyawar teku a 1908, kamfanin Ajinomoto ya fara sayar da shi a shekarar da ta biyo. Ga soyayyar shinkafar bakin titi da ake kira check-check, ga samosa da sifirin rol da ba a bikin aure ko suna babu su. Duk waɗannan sun shigo mana ta leda da ta hannun ɗan kasuwa, ba wanda ya ce uffan. Sai da yarinya ta ce za ta dafa da hannunta aka tuna da al'ada.

Yanzu ga nawa ƙorafin. Amarya ta kalli bidiyo, ta kwafe jerin kayan haɗi, ta hau trotro, motar haya, zuwa Osu ko ɗaya daga cikin manyan kantunan East Legon. Ta dawo da man riɗi na kwalba, da wani ruwan kawa mai kauri, da jan yajin Koriya a roba, da shinkafar basmati ta kwali. Kowane ɗaya farashinsa dala yake bi. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da kuɗinmu sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Ta yi amfani da cokali biyu daga kowace kwalba, sauran ya zauna a firji, wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, bayan wata biyu a zubar. Kuɗin cefanen mako ya tafi a kwano ɗaya, kuma abin da ya fito bai kai na bidiyo ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Wannan sayayya ce aka yi, girki bai samu shiga ba.

Abin dariyar shi ne yawancin waɗannan girke-girken talakawa ne suka ƙago su da abin da ke kusa da hannu. Soyayyar shinkafa dabara ce ta kada shinkafar jiya ta lalace. Kimchi na Koriyawa hanya ce ta adana kabeji da gishiri don cin sa a lokacin sanyin da ƙasa ba ta fid da komai. Yanka nama siriri a soya cikin ɗan lokaci ya fi dacewa da gidan da itace ya yi wa tsada. Su da kansu ma aro suke yi ba kunya. Japanawa sun koyi suyar tempura daga Turawan Fotugal a ƙarni na 16. Barkonon da Koriyawa ke alfahari da shi bai isa ƙasarsu ba sai wajen ƙarshen wannan ƙarnin. Sinawan da suka zauna a unguwar Tangra ta Kolkata sun dubi kasuwar Indiya, suka ƙago wani girki da mutumin Beijing ba zai gane shi ba, yau Indiyawa na rububinsa. Maƙwabtanmu na Senegal, da Faransawa suka cika musu kasuwa da karyayyar shinkafar Indocina, sun mai da ita ceebu jën, shinkafa da kifinsu, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2021. Ba wanda a cikinsu ya tsaya jiran kwalba daga gida.

Ga abin da nake so mai gwaji ta yi: kafin ta tambayi sunan kwalba, ta tambayi aikin da kwalbar ke yi a cikin abincin. In ta yi haka za ta ga rabin abin da take nema yana kasuwar Nima ranar Laraba.

Ɗauki daddawa. Mun saba raina ta, wasu amaren ma ɓoye ta suke yi kada baƙo ya ji wari. Ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, Bacillus subtilis, ita ce dai take ruɓar da waken suya ya zama natto da Japanawa ke karya kumallo da shi. Sinawa suna da nasu ruɓaɓɓen baƙin wake da suke soya nama da kifi da shi. Aikinsu ɗaya: su ba abinci wannan ɗanɗanon mai zurfi da ke sa mutum lashe yatsa. A daka daddawa da tafarnuwa da citta, a soya su sama-sama a mai, a watsa siraran yankan nama da koren tattasai a kan wuta mai ƙarfi. Wanda ya ci zai tambayi wane kanti aka je. Haka momoni, kifin gishirin nan mai wari da maƙwabtanmu ke jefawa a miya, ɗan'uwa ne ga ruwan kifin da Tailan da Biyetnam ba sa girki babu shi. Shito mai busasshen jatan lande bai yi nisa da sambal na Indunusiya da Malesiya ba. Tsamiya da ake jiƙawa a soyayyar taliyar Tailan, itaciyar Afirka ce, tana nan jibge a kasuwa. Riɗi daga arewa yake zuwa mana. A soya shi a kasko a niƙa, an samu ƙamshin da ake biyan kuɗi mai yawa a kansa.

Wagashi ya fi ba ni mamaki, don ban ga dalilin da zai sa a ce har yanzu ba a cika gidajenmu da girkinsa ba sai dai a soya a ɗora kan waakye. Cukwi ne da ba ya narkewa a wuta, daidai da paneer na Indiyawa. Su da lemun tsami suke tsinka madararsu, Fulani da ruwan tumfafiya. Miyar alayyafo da paneer da ake yi wa layi a gidajen abincin Indiya, mai alayyafo da wagashi da albasa da kurkum ta gama haɗa kayanta. Awara kuwa ita ce tofu, ba wani bambanci, sai dai mu suya ɗaya muka sani mata, alhali Sinawa suna dafa ta a romo, su turara ta, su jefa ta a miya mai yaji. Ko tandar masa, mutanen kudancin Indiya suna da irinta mai ramuka, suna zuba ƙullun shinkafa da ya kwana ya yi tsami, sai dai su sukan sa albasa da ɗanyen barkono a ciki. Mai masa da ta gwada wannan a bakin masallaci, ina jin ba za ta koma gida da saura ba.

Sai dabarun da ba a saye da kuɗi. Mai girkin Sin ba ta kunna wuta sai ta gama yanka komai ta jera, domin suyar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. Wuta take so mai ƙarfi sosai, kuma a nan kurfoti, murhunmu na gawayi, ya fi ƙaramin murhun gas da amarya ke taƙama da shi. Shinkafar suya sai ta kwana ta huce, in ba haka ba ta cakuɗe. Ba a cika kasko. A soya kaɗan-kaɗan. Naman da ake so ya yi laushi akan cuɗa shi da farin ƙwai da ɗan sitaci kafin ya ga mai, kuma sitacin rogo yana yi. Daga Indiyawa a koyi jefa kayan ƙamshi ɗungurungum cikin mai mai zafi har su buɗe kafin a zuba albasa, da jera shinkafa da nama hawa-hawa a toshe bakin tukunya a ɗora garwashi a kan murfi. Turara abinci kuwa ba sai an koya mana ba, masu dambu da tubani da alala ne mu, amma ba mu cika tunanin ɗora karfasar Volta a madambaci da citta da lawashi ba. Sai abin da nake ganin ya fi kowanne amfani gare mu: ganye ba sai ya mutu a tukunya ba. Muna dafa kabeji da karas har su manta launinsu. Minti biyu a kan wuta mai zafi ya ishe su.

Ban ce komai yana da madadi ba. Soya sos ba shi da shi, kwalba ɗaya kuma takan daɗe, a saya. Daddawa ba za ta zama miso, ruɓaɓɓen waken suyar Japanawa, ba. Abin da zai fito daga tukunyar Mamobi ba shi ake ci a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ba. To sai me? Ba baƙi daga Seoul za ta ciyar ba.

Akwai wani gefen da masu bidiyo ba sa faɗa mana, domin ba da mu suke magana ba. Girkin Sinawa da yawa ana zuba masa giyar shinkafa ta Shaoxing. Na Japan yana tafe da sake da mirin, dukansu masu barasa. Kitsen alade da romonsa suna ɓoye a wuraren da ba a zato, har cikin garin ɗanɗano na wasu taliyoyin leda. Kwalba ta zo da rubutun da ba mai iya karanta shi a gidan, an zuba a abincin da Alhaji zai buɗe baki da shi. Ko soya sos na asali, wanda aka bari ya yi tsami da kansa, yakan ɗauki ɗan burbushin barasa daga ruɓawar. Hukuncinsa na malamai ne, a tambaye su. Abin da ya fi sauƙi shi ne a juya wajen Musulmin Asiya, waɗanda suka riga suka warware wannan matsalar tun ƙarnoni. Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Kayan Malesiya sukan zo da hatimin halal na hukumarsu, JAKIM. Ga Pakistan da Bangladash da Hyderabad, gidan biryani. A cikin ƙasar Sin kanta, shahararriyar taliyar Lanzhou mai romon naman sa girkin Musulmin Hui ce. Matanmu da suka dawo daga Hajji, da waɗanda suka yi aikatau a Saudiyya da Kuwait, sun shigo mana da kabsa, shinkafa da naman Larabawa, ba tare da wani ya ɗaga gira ba.

In da za a tambaye ni girki ɗaya da ya kamata Zango ta ɗauko gaba ɗaya, rendang zan ce. Mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra ne suka ƙago shi, su ma matafiya ne 'yan kasuwa, kuma guzuri ne. Naman sa ake dafawa a madarar kwakwa da citta da tafarnuwa da barkono da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke dafawa in zazzaɓi ya kama mu, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya ƙafe, naman ya soyu a cikin man kwakwar ya yi duhu. Yana daɗewa bai lalace ba ko babu firji. Duk kayan haɗinsa, in ban da ɗaya ko biyu, suna kasuwar Makola. Mu da kowace Babbar Sallah muke tsayawa kan naman layya muna suya iri ɗaya har mai ya gundure mu, me ya hana?

Gishiri kuwa sai an yi hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana. Babban cokali ɗaya na soya sos ya kusa cinye rabin wannan. Mutanen Gabas suna cin miyarsu mai gishiri da farar shinkafa wadda ba a sa mata komai ba. Mu kuwa sai mu zuba soya sos, mu marmasa dunƙulen magi biyu, mu ƙara gishiri, mu kawo shito a gefe. A unguwar da kusan kowane gida akwai mai shan maganin hawan jini, wannan ba gwaninta ba ce.

Batun shinkafa ya wuce kicin. Manomanmu na Gana a kwarin Fumbisi da Tono da Asutsuare da Aveyime suna nomawa, wani lokaci buhuna su yi ta zama babu mai saye, mu kuma bakinmu ya saba da mai ƙamshi ta Biyetnam da Tailan. Da Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a watan Yulin 2023, farashi ya motsa a duk duniya, mu da ba mu da hannu a shawarar muka biya. Na san ƙorafin: tsakuwa, da rashin kyan gani. Gaskiya ne a da, kuma har yanzu akwai irin wannan, amma akwai wadda injin zamani ya tsabtace, tana nan a buhu. Abin da mai gwaji ya kamata ta sani shi ne turararriyar shinkafar gida ba ta cakuɗewa, tsaba-tsaba take fita, kuma abin da suya ke buƙata ke nan. Kwano ɗaya mai daɗi da aka ɗauka a waya aka ce da ta Fumbisi aka yi shi ya fi jawabin minista tasiri.

Su Mma suna da gaskiya a wuri ɗaya, ko da yake sun ɗora laifin inda bai dace ba. Tabbas akwai amaryar da za ta haɗa maka biryani amma ta kasa kaɗa miyar kuka ba gudaji. Me ya jawo? Mai biryani ta tsaya gaban kyamara ta ce kofi biyu, cokali ɗaya, minti goma sha biyar, ta nuna yadda launin zai koma, kuma ko sau goma aka maimaita bidiyon ba za ta yi tsawa ba. A gida kuwa yarinya ta ce, "Mma, kanwa nawa zan sa?" sai a ce, "Ke dai ki sa kaɗan." In ta yi yawa, "Wai ke ba ki da ido ne?" Ilimin yana nan, mai zurfi ma, amma a hannu yake da ido, ba a taɓa auna shi ba, kuma a da yarinya takan shekara goma a gindin murhu tana ɗauka a hankali. Yanzu tana makaranta, daga nan jami'a ko wurin aiki.

Abincin waɗancan ƙasashe ma ba da kansa ya iso wayoyinmu ba. Gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri a 2002 don yawaita gidajen abincinta a duniya. Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2009, ta zuba kuɗi, kuma a 2013 al'adar haɗa kimchi ta shiga jerin UNESCO. An rubuta, an auna, an ɗauki hoto, an koyar. Mu wa ya auna wasawasa? Wa ya rubuta yawan kanwar da tubani ke so, ko kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta zama daddawa, da yadda ake gane ta nuna? Masu wannan sanin suna tsufa a ɗakunan Nima da Sabon Zango, kuma 'yan matan da ake zagi da girkin waya su ne kaɗai a gidan suke da kofin awo da sikeli da kyamara, su ne kuma suka saba tambayar "nawa" da "minti nawa". Maimakon a ƙwace wayar, a zaunar da mai ita kusa da Kaka ranar da za a yi dambu, duk abin da tsohuwa ta ɗebo da hannu a tare shi a kofi kafin ya faɗa tukunya. Kaka za ta yi mita, za ta ce ana ɓata mata lokaci. A ba ta goro a ci gaba da awo.